Farkur: Wasan da Ake Koyon Sauka Kafin a Koyi Tsalle

Duk wanda ya saba kallon bidiyo a YouTube ko TikTok, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani matashi yana gudu a kan rufin bene ba, ya yi tsalle ya ƙetare sararin da ke tsakanin gini da gini, ya dira, ya mirgina, ya miƙe ya ci gaba da gudu kamar ba abin da ya faru. Sunan wannan abu farkur, Faransawa kuwa suna rubuta shi parkour. Ma'anarsa a taƙaice ita ce mutum ya tashi daga wani wuri ya isa wani ta hanya mafi sauri da sauƙi, yana ƙetare duk abin da ya tare masa gaba, katanga ce ko shinge ko rami, ba tare da taimakon komai ba sai jikinsa. Babu ƙwallo, babu igiya, babu abokin karawa. Abin da ake buƙata bai wuce takalmi mai kama ƙasa da tufafi marasa matse jiki ba.

Wannan arha ita ce ta yaɗa wasan a duniya, kuma a cikinta haɗarinsa yake. Tsallen da ake gani a bidiyo, wanda bai fi daƙiƙa uku ba, ƙarshen aikin shekaru ne. Yaron da ya kalla ya fita ya kwaikwaya, ya fara ne daga inda gwanaye suka ƙare. Hausawa sun ce tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Domin a gane abin da kyamara ba ta nunawa, sai an koma ga asalin wasan, wanda ya faro daga aikin ceton rai.

Daga aman wuta zuwa unguwannin Paris

A shekarar 1902, dutsen Pelée da ke tsibirin Martinik ya yi aman wuta, ya shafe garin Saint-Pierre, mutane kusan 30,000 suka hallaka. Cikin waɗanda suka yi aikin ceto akwai wani matashin hafsan sojan ruwan Faransa, Georges Hébert. Abin da ya gani ya tabbatar masa cewa ƙarfin jiki ba shi da daraja sai idan zai amfani mutum da na kusa da shi a ranar tsanani. Da ya koma gida sai ya tsara wani horo da ya kira hanyar ɗabi'a, ya gina shi a kan motsi iri goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, tsayuwa a kan siririn abu ba tare da an faɗi ba, jifa, ɗaukar nauyi, kare kai da iyo. Takensa shi ne mutum ya yi ƙarfi domin ya zama mai amfani. Sojojin Faransa sun rungumi tsarin, har ya yi tasiri a kan filin atisayen da ake jera wa katangu da ramuka da igiyoyi, wanda suke kira parcours du combattant, wato hanyar mayaƙi. Daga kalmar farko ta wannan suna farkur ya samo nasa.

Mutum na biyu a wannan silsila shi ne Raymond Belle, wanda aka haifa a 1939 a Biyetnam, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Yaƙi ya raba shi da iyayensa, ya tashi a gidan marayu na soja a garin Da Lat, inda ya lazimci horar da jikinsa domin ya tsira. Bayan an ci Faransa da yaƙi a 1954 aka kai shi can, daga baya ya shiga rundunar 'yan kwana-kwana ta Paris, ya yi suna wajen ceto a wurare masu wuyar kai wa.

Ɗansa David Belle, haifaffen 1973, shi ne ya ɗauki abin da ya ji daga bakin mahaifinsa ya kai shi titi. A shekarun 1980, a garuruwan Lisses da Évry da ke kudu da Paris, shi da wasu 'yan uwa da abokai suka mayar da katangun makarantu da matakalar gidaje filin atisayensu. Akwai wani ginin siminti na koyon hawa a wurin shaƙatawar yankin, mai suna Dame du Lac, wanda har yau masu wasan suke zuwa ziyara daga ƙasashe daban-daban. Sunan da suka raɗa wa ƙungiyarsu, Yamakasi, daga harshen Lingala na Kwango ya fito, yana nufin mai ƙarfi. Kamar yadda su kansu suka ba da labari, ƙa'idarsu mai tsanani ce: ba a cewa mutum ya iya wani tsalle sai ya maimaita shi sau da dama a jere ba kuskure, idan kuma ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko.

Abin da ake fara koya

Darasin farko a farkur shi ne sauka. Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Wanda ya diro daga tsayin mita 2 yana taɓa ƙasa da gudun da ya kai kusan kilomita 22 a awa guda, idan kuma tsayin ya ninka, ƙarfin da jiki zai shanye shi ma ya ninka. Illar da za a ji ta dogara ne ga yadda tsayawar ta kasance. Wanda ya sauka a kan diddige da gwiwa a miƙe, ya tsaya nan take, duk bugun ya tafi idon sawu da gwiwa da ƙashin baya. Wanda ya sauka a kan gaban tafin ƙafa, ya lanƙwasa gwiwa da ƙugu, ya tsawaita lokacin tsayawar, bugun ya ragu. Shi ya sa masu koyarwa suke sauraron saukar ɗalibi da kunne: saukar da ba ta da ƙara ita ce mai kyau.

Mirginawar da ke biyo bayan dira ita ma wannan aiki take yi. Ana yin ta a karkace, daga bayan kafaɗa ɗaya zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren, domin kai bai taɓa ƙasa ba, ƙashin baya kuma bai ɗauki nauyi a tsawonsa ba. Ana fara ta a kan ciyawa ko yashi, daga tsugune, kafin a kusanci siminti.

Daga nan sai tsallen daidaito, inda mutum zai tashi daga wani gefe ya sauka a kan wani siririn gefe ya tsaya cak. Mai koyo yakan ja layi biyu a ƙasa ya yi ta tsallakawa har ya san iyakar tsallensa da tafin ƙafa nawa ne. Sai ƙetare shinge da dafa hannu, da taka bango da ƙafa ɗaya domin a kamo samansa, da rarrafe a kan hannu da ƙafa wanda ke ƙarfafa kafaɗa da wuyan hannu. Gaggawa a nan tana da tsada, domin tsoka tana saurin yin ƙarfi fiye da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi. Mutum yakan ji ya isa yin babban tsalle tun gwiwarsa ba ta isa ba.

Akwai kuma horon zuciya. Gwanaye suna ɗaukar tsoro a matsayin ma'auni. Kafin tsalle sukan taɓa wurin sauka su ji ko yana da santsi, ko bulon yana motsi, ko ƙarfen ya yi tsatsa. Idan zuciya ta ƙi, sai a koma ƙasa a yi tsalle mai irin wannan nisa har sai shakka ta gushe. Tsallen mita 2 a kan ciyawa da tsallen mita 2 a saman bene aiki ɗaya ne ga ƙafa, bambancinsu sakamakon kuskure ne. Fasa tsalle ba abin kunya ba ne a wannan fage.

Suna, rabuwa da gasa

Fina-finai ne suka fito da wasan idon duniya. An yi fim mai suna Yamakasi a 2001, David Belle ya fito a Banlieue 13 a 2004, Sébastien Foucan, ɗaya daga cikin samarin farko, ya yi gudun da ya buɗe fim ɗin James Bond na Casino Royale a 2006. Shirin Jump London da aka nuna a Birtaniya a 2003 shi ne ya yaɗa sunan freerunning, salon da ya fi ba da dama ga alkafira da ado. Mai bin farkur na asali yana tambayar ko motsi ya rage masa hanya, mai bin ɗaya salon yana tambayar ko motsin ya yi kyau. A aikace matasa da yawa suna haɗa biyun.

Saɓani mafi zafi a kan gasa yake. Birtaniya ta amince da farkur a matsayin wasa a hukumance a 2017, hukumar wasannin jimnastik ta duniya, FIG, ta shigar da shi cikin wasanninta, ta kuma shirya gasar duniya ta farko a Tokyo a 2022. Ƙungiyoyin masu wasan da dama sun yi tir da hakan, suna cewa an ƙwace musu abin da suka gina. Hujjarsu ita ce agogo da alƙalai da kyauta suna tura mutum ya yi tsallen da bai shirya masa ba, alhali tushen wasan shi ne kowa ya san gwargwadonsa. Masu goyon baya kuma suna ganin gasa tana kawo wuraren horo masu aminci da sana'a ga matasa.

Duk ɓangaren da mutum ya zaɓa, farawa iri ɗaya ce. Ya nemi wanda ya riga shi, ya zaɓi wurin da ba na wani ba, domin mai haura katangar mutane ba shi da suna mai kyau a ko'ina, ya kuma fara daga tsayin da bai wuce gwiwarsa ba. Watannin farko za su tafi a kan tsuguno da rarrafe da ƙananan dira da babu mai sha'awar ɗaukar su a waya. A kansu ne sauran duka suke tsayawa.