Kwalin faifan Dattijo

Ranar da maƙwabcina zai koma gidan kula da tsofaffi, ni na taya shi kwashe kaya. Bature ne, ya haura shekara 80, kuma mun daɗe muna gaisawa ta kan shinge a unguwarmu da ke Cleveland, jihar Ohio. Dattijo nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Ɗakin da za a ba shi ƙarami ne, don haka ya yini yana rabon kaya. Rabona shi ne wani kwali cike da ƙananan faifai, da tsohon garmaho.

Na karɓa ne don kada in kunyata shi, domin a lokacin ko sunan waƙa ba na son ji. Kwana uku ke nan da na ƙwace iyafis ɗin ɗana mai shekara 15, na ce abin da yake cusa wa kunnensa hayaniya ce da rashin tarbiyya. Tun ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Kafin motar ta zo, Dattijo ya ce in zauna ya nuna mini yadda ya jera su. Faifan masu faɗin inci 7 ne, suna juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a kowace fuska. Kamfanin RCA Victor ne ya fito da irinsu a 1949. Ba sa saurin fashewa kamar manyan faifan da suka gabace su, kuma guda bai kai dala ɗaya ba. Wannan araha ta sauya abubuwa da yawa: yaron da ke raba jarida da safe zai iya sayen waƙar da ransa ke so, ba sai wadda iyayensa suka zaɓa ba.

Na farkon layi na mahaifiyarsa ne: Perry Como, da waƙar Patti Page ta 1953 a kan wani ɗan kwikwiyo a tagar kanti. Murya a sanyaye, goge a hankali, waƙar da za a sa ana cin abincin dare. A wancan zamanin kasuwar waƙa a Amurka a rabe take, kamar yadda makarantu da unguwanni suke a rabe. Waƙoƙin baƙar fata suna da nasu jadawalin ciniki daban. Sai ga Alan Freed, a wani gidan rediyo na nan Cleveland, tun daga 1951 yana sa su da daddare, yaran Turawa na saurare a ɓoye. Shi ne ya yayata sunan rock and roll.

Daga nan Dattijo ya zaro faifai biyu masu suna ɗaya, “Tutti Frutti”. Na farko na Little Richard ne, na 1955, mai ihu da dukan fiyano kamar zai ɓalle shi. Na biyu na Pat Boone ne, Bature mai fararen takalma, wanda ya sake rera ta a tausashe, kuma tasa ta fi ta mai waƙar hawa sama a babban jadawali. Haka aka yi wa Fats Domino: Boone ya ɗauki “Ain't That a Shame” ya kai ta lamba ɗaya a 1955.

Ya ce yana da shekara 15 ya sayi na Little Richard. Mahaifinsa ya ji, ya cire shi daga garmaho ya karya a gwiwa, ya ce wannan ihu ba zai shiga gidansa ba. Washegari mahaifiyarsa ta sayo masa na Boone don a sasanta. Wanda ke cikin kwalin, na biyu ne da ya saya a ɓoye, ya ajiye a gidan abokinsa. Shekara kusan 70, amma yana ba ni labarin muryarsa na rawa.

Bayan waɗannan, layin ya sake yin sanyi. A 1957 Little Richard ya bar waƙa ya koma wa'azi. A 1958 aka ɗauki Elvis Presley soja. A Fabrairun 1959 Buddy Holly ya rasu a hatsarin jirgin sama a Iowa. Kamfanoni suka cike gurbin da samari masu ladabi irin su Frankie Avalon, sai kuma rawar “The Twist” ta Chubby Checker a 1960. Faifai na ƙarshe a kwalin na 1963 ne.

Na tambaye shi ina na Beatles, tunda a 1964 suka mamaye Amurka. Ya yi dariya ya ce bai taɓa saya ba. A lokacin ya yi aure, kuma gani yake yaran Ingila ne masu gashi buzu-buzu suna kwaikwayon abin da ba su kai ba. Sannan ya daina dariya. Ya ce da nasa ɗan ya taso, shi ma ya hana shi sa waƙoƙinsa a gidan, da kalmomi kusan irin na mahaifinsa. Ɗan yana can wata jiha yanzu. Bai zo kwashe kayan ba.

Ban ce komai ba, domin na ji inda maganar ta dosa. Na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda in ba Shata ba ne to ba waƙa ba ce, da yadda ya riƙa kashe rediyo idan na kamo waƙar fim. Har yau ina jin zafin abin, amma ga ni na gaji hannunsa.

Ba ina nufin uba ya zuba ido ba ne. Akwai waƙoƙin da kalmominsu ba za su shiga gidana ba, kuma ban janye ba. Amma da na binciki raina, ban ma san me mawaƙin ɗana yake faɗa ba. Sautin ne bai yi mini ba, sai na laƙaba masa sunan rashin tarbiyya. A nan Cleveland akwai gidan tarihin rock and roll a bakin tafki. Little Richard da Fats Domino suna cikin rukunin farko da aka karrama a 1986. Abin da aka karya a gwiwa, yau ana biyan kuɗi a je a gani.

Da daddare na haɗa garmahon a falo, na kira yaron. Na sa masa na Boone, sannan na Little Richard, na ce ya zaɓa. Bai ɓata lokaci ba ya nuna na biyun. Na miƙa masa iyafis ɗinsa, na ce ya sa mini tasa a lasifika, ya riƙa fassara mini kalma bayan kalma. Cikin waƙa biyar, biyu na ce a goge, ya yarda da ɗaya, muna kan jayayya a kan ɗayar. Sauran ukun har yanzu hayaniya nake ji, amma na zauna har suka ƙare.

Ranar Lahadi za mu je gaida Dattijo. Yaron ne ya ce mu tafi da garmahon.