Anasaranmu na Tanut

Damargu ba ta taɓa rasa baƙo ba. Ƙasa ce da ke kwance tsakanin masu gero da masu raƙuma, duk wanda ya gangaro daga Agadas zai nufi Damagaram ko Kano sai ya sha ruwanmu, in ya samu. Muna yara mukan ji gurnanin ayarin Buzaye tun kafin mu hango ƙurarsa, a sauke kantun gishirin Bilma da dabino a bayan kasuwa, a ɗaura gero a juya. Da na yi karatu na tarar Turawa ma sun daɗe da sanin hanyar. A Janairun 1851 uku daga cikinsu suka rabu da juna a Tagelel, nan cikin Damargu: Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi wajen Gobir, Barth kuwa, mai kiran kansa Abdulkarim, ya kama hanyar Katsina da Kano. Waɗannan masu wucewa ne. Faransawan da suka biyo baya sun zauna, amma a bariki, nesa da hayaƙin murhunmu. Namu Anasaran shi a cikin gida ya sauka.

Farkon 1973 ne, hunturu bai gama janyewa ba, wata Land Rover ta ajiye shi a ƙofar mai unguwa da akwatin ƙarfe da jakar littattafai. Dogon saurayi, gashi har wuya, hancinsa ya saɓule da rana kamar dafaffen dankali. Aka ce ɗan Amurka ne, daga cikin samarin Peace Corps, ƙungiyar da shugaba Kennedy ya kafa a 1961, wadda ta fara turo mutanenta Nijar a 1962, zamanin Diori Hamani. Kowanne shekara biyu yake yi. Wasu suna koyar da Ingilishi a kwaleji, wasu suna tare da likitoci, namu kuwa aikin rijiya aka ba shi. Mai unguwa ya roƙi Baba ya ba shi shagon da ke jikin zaurenmu. Har yau in na ji warin kalanzir a risho ya gauraya da ƙamshin takarda, wannan shagon nake tunawa.

Gaisuwa ce ta fara ba shi wuya. Yakan fito da safe ya ɗaga wa dattawan ƙofar gida hannu yana tafiya, shi a ganinsa ya sallami kowa. Baba ya kau da kai na ɗan lokaci, sannan ya zaunar da shi a tabarma. Aka koya masa tuɓe takalmi, da rage tsawo, da tambayar kwana da gajiya da sanyi da iyali da bisashe. Ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta su a jere. Washegari ya tari liman ya karanto masa su duka a numfashi ɗaya, bai bar masa gurbin amsa ko guda ba, har da tambayar lafiyar mai jego, alhali uwargidan liman ta daɗe da fara aurar da jikoki. Liman ya ce, "Lafiya lau, yaro, Allah ya yi albarka," ya shiga masallaci kafaɗunsa suna rawa.

Abin da ya fi damun gidanmu shi ne rufe ƙofa. Da la'asar sai ya shige shago, ya ja ƙyaure, ya zauna shi kaɗai da littafi. A wurinmu mutum ba ya kaɗaita sai in ba shi da lafiya ko an ɓata masa rai. Inna ta yanke hukunci cewa kewar uwarsa ce, don haka aka riƙa tura mu mu taya shi zama. Mu jeru jikin bango, ƙafafu fari fat da ƙura, shi yana karatu, mu muna kallonsa yana karatu. Wani lokaci ya ɗago ya yi ajiyar zuciya, mu kuma mu ƙara matsowa, tunda ga alama kewar ta tsananta. Bai taɓa korarmu ba.

Cin abinci ma haka. Ya fara da sardin na gwangwani da cokali, a ɗaki. Kaka, wadda tun ranar farko ta ɗauke shi miji na wasa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Angona, ashe gwangwani ka auro a kaina?" Daga ranar ya koma akushin maza a zaure. Sai kuma aka gano bahago ne. Ya zama in an sa tuwo sai ya zauna a kan hannunsa na hagu don kada ya riga shi shiga miya, yana yanka loma da dama, rabi a baki rabi a riga. Fura ta yi ta wahalar da cikinsa, amma kafin shekara ta zagayo yana iya kurɓa ya faɗi daga gidan da aka damo ta.

Wata rana ya nuna ni ya ce, "Inna, yaya sunan wannan ɗan naki?" Ni ne ɗan fari. Inna ta dubi katanga, ta ce wa ƙanwata ta je ta duba tukunya. Ya zaci Hausarsa ce ta karkace, ya sake tambaya a hankali, kalma bayan kalma. Kaka ce ta cece su, ta bayyana masa cewa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ya yi shiru, sannan ya ce a garinsu uwa takan rungume ɗanta a tsakiyar kasuwa, ta kira sunansa, ta ce masa tana son sa. Matan gida suka kama baki. Kaka ta ce, "To in ta faɗa da baki, me ya rage ta nuna?" Wannan ma ya rubuta a littafinsa.

Ran da babu lakwal nakan bi shi wajen aiki. Wanda bai ga rijiyar Damargu ba bai san zurfi ba: ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai wani sanyi mai ƙamshin laka da ke bugo fuska. Ba a jan wasaki da hannu, sai a ɗaura igiya ga sa ko raƙumi, yaro ya kora shi ya yi nisa har ya ƙanƙance, sannan ruwa ya ɓullo. Kukan igiya a kan itacen bakin rijiya shi ne kiɗan safiyarmu. Shi da magina suna zuba siminti da ƙarfe don kada bango ya rufta. Yana da agogo a hannu, kuma ya yarda da shi. Ya ce wa mutane ƙarfe bakwai, su ce in Allah ya kai mu, su iso da hantsi bayan sun shayar da dabbobi, su tarar da shi yana zagaye tarin yashi. Sau ɗaya ya tambayi wani Bafulatani daga wajen Belbeji shanunsa nawa, mutumin ya duba sama ya ce akwai alamar iska yau. A hankali agogon ya koma aljihu, daga aljihu ya koma akwati.

Dattawa suna son jan sa da hira bayan isha'i. Sun ji cewa a 1969 mutanen ƙasarsa sun taka wata, yawancinsu ba su gaskata ba, amma ba a ƙaryata baƙo a kan tabarma. Wani tsoho mai ginar rijiya ya saurari bayanin har ƙarshe, ya ce, "Da suka je, sun tarar da ruwa?" Ya ce a'a. "Ciyawa fa?" Babu. Tsohon ya gyara rawani ya ce, "To me ya kai su?"

Darajarsa ta ɗaga ranar 30 ga Yunin 1973. Tun kwanaki kafin nan ya ce rana za ta yi husufi, ya tara mu muka baƙanta fasassun kwalabe da hayaƙin fitila. Da tsakar rana haske ya dushe, iska ta yi wani sanyi, manya suka nufi masallaci, mu muna leƙen rana ta zama lauje. Can arewa, a Abzin, aka ce duhu ya rufe gaba ɗaya. Da yamma mutane suka cika zaurenmu. Tunda ya san ranar da rana za ta ɓuya, ai sai ya faɗa musu ranar da ruwa zai sauka. Ya ce bai sani ba. Na ga fuskar Baba a lokacin, ba fushi a cikinta, sai dai ya so a ce yaron ya sani.

Ruwan bai sauka yadda ake so ba. Damargu, wadda ake kira rumbun gero, ta share rumbunanta. Buzaye da Fulani suka gangaro gefen gari da tabarmi da tukwane, ba ko akuya a bayansu, warin mushe ya bi iska har cikin ɗaki. Mata suka koma ga anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, da ganyen jiga, da ƙwayar karangiya. Sai ga manyan motoci da buhunan jar dawa, a jikin kowanne hoton hannu biyu suna musafaha. Daga Amurka take. Tuwonta ja ne, mai nauyi a ciki. Baba ya tambaye shi yadda suke tuƙa ta a can. Ya sunkuyar da kai, ya ce su dabbobi suke ba. Zaure ya yi tsit, har Baba ya ce, "To, ka gaishe mana da dabbobinku, sun yi mana kara." A wannan shekarar ya daina kunna rishonsa. Ɗan kuɗin da ake ba shi duk wata yakan miƙa wa Kaka, ita ta san yadda take yi ya isa tukunya ba tare da Baba ya ji kunya ba.

A rediyonsa muka ji sojoji sun kifar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974, muka fara jin sunan Seyni Kountché. Daminar ta yi kyau, gero ya fi shi tsawo, shi da ya fi kowa. Da azumi ya zo ya ɗauka tare da mu, ba wanda ya sa shi, da la'asar yana kwance a zaure leɓe a bushe Kaka tana yi masa tsiya. Bayan salla, ranar 30 ga Oktoba, ya tashe mu tun kafin assalatu muka kewaye rediyon: Muhammad Ali yana dambe da George Foreman a Kinshasa. Shi yana fassarawa, yana naushin iska. Dukansu mutanen ƙasarsa ne, amma mu mun riga mun raba, mai sunan Manzo namu ne, ɗayan nasa. Da Ali ya kayar da Foreman a turmi na 8 muka yi ta yi masa ihu, shi kuwa ya fi mu tsalle.

Ya tafi a 1975. Ya bar wa Baba rediyon, ya bar mini littattafan da ban iya karantawa ba sai bayan shekaru. Inna ba ta fito rakiya ba. Ta aiko da ƙullin dakkere da cuku, ta ce a ba "wancan na shago" ya ci a hanya. A lokacin ne ya lura cewa shi ma ba ta taɓa kama sunansa ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa, suka ragu, suka tsaya, yadda wasiƙu ke yi.

Na sake tuna shi a 2005, wata shekarar yunwa, lokacin da ƙungiyar GOAL ta mutanen Ailan ta zo aiki a jihar Damagaram. Na haɗu da wata Ba'amurkiya mai aiki tare da mutanen Ailan, ta ce mini harshensu ɗaya amma ita baƙuwa ce a cikinsu. In an yi musu tayin shayi sai sun ƙi sau biyu kafin su karɓa, ita kuwa ta ce a'a sau ɗaya aka ƙi yarda. In suna son ka zolayarka za su yi, in ka yabi kanka sai su yi shiru. Na ce mata, "Ƴata, ai waɗannan mutanen Kakata ne." Ashe Anasara ma yana da nasa Anasaran.

A Janairun 2011, bayan an sace wasu samari Faransawa biyu a Yamai, Peace Corps ta kwashe mutanenta daga Nijar, bayan fiye da 3,000 sun zauna a garuruwa irin namu. A shekarar ce Belbeji ta rabu da Tanut ta zama gunduma mai kanta, a ƙarshenta kuma aka buɗe matatar mai ta SORAZ a hanyar Damagaram, wajen Bakin Birji. Baƙi ba su daina zuwa ba. Suna zuwa cikin motoci masu rufaffen gilashi, da rakiya, su kwana bayan katanga, kuma ban ga laifinsu ba, zamani ne ya sa. Sai dai ba wanda za a tura yara su taya shi zama. Su ma yaran ba su da lokacin, jikana ya fi ni sanin titunan Amurka a cikin wayarsa. Ya ce in ba shi cikakken sunan mutumin ya nemo mini shi a Facebook, na ce ai mu sunan gida muka sa masa, na yankansa yana wajen uwarsa.

Ɗaya daga cikin rijiyoyin tana nan, simintin ya tsattsage amma tana ba da ruwa, kuma har yanzu rijiyar Anasara ake ce mata. Bara na tsaya a bakinta na tambayi wani yaro mai amalanken jarkoki ko ya san wane Anasara ne. Ya ce ƙwarai ya sani, wani ɗan Caina ne, babansa ma ya gan shi.