Uwar Kwamfuta a Garin Zafi

Akwai wani abu a cikin kwamfuta da ba a cika tambayar sunansa ba sai ranar da ya mutu. Mai saye yakan tambayi ƙarfin furosesa, da yawan RAM, da girman katin hoto. Amma faffaɗan allon nan da duk sauran kayan ke zaune a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod, ko bod a taƙaice, da wuya a kula shi. Mu kuwa, 'yan tsirarun da ke haɗa kwamfutar tebur da hannunmu don wasan gem, a kan bod muka fi yin musu. Uwar kwamfuta muke ce mata, domin ita ke raba wa kowa wuta, ita ke kai saƙo tsakanin wannan da wancan, in kuma ta yi fushi gida gaba ɗaya sai ya yi tsit.

Mu biyar ne, muna da ɗaki guda a Kano inda muke gyara wa mutane kwamfuta da rana, mu yi wasa da dare, kuma muna adashi don sayen kayan da mutum ɗaya ba zai iya ba. Da kwasa ta zo, sai aka kawo mana tayin wata bod ta hannu da aka shigo da ita daga waje: ROG Maximus Z790 Hero ta kamfanin ASUS. Ta fito ne a ƙarshen 2022, kuma sabuwarta a lokacin ta haura dala 600. Mai karatu ya buga wannan da canjin yau, zai ga kuɗin da a unguwarmu ake kafa sana'a da shi. Ko da ragin da aka yi mana na kayan hannu, ba abin da za a saya don ƙwalisa ba ne. Don haka muka roƙi mai ita ya bar mana ita mako biyu mu gwada, muka ɗora mata furosesa Core i9-13900K na Intel.

Irin wannan bod an yi ta ne don masu ƙure gudu. Kowane furosesa yana da saurin da kamfani ya yanka masa, ana auna shi da gigahaz. Namu yana kaiwa 5.8 in ya ƙure. Mai ƙure gudu shi ne wanda ke shiga BIOS, wato shirin da ke cikin bod tun kafin Windows ta tashi, ya ɗaga wannan lamba, ya ƙara ƙarfin wuta don furosesa ya iya ɗauka, kamar direban da ya cire abin da ke tauye malejin motarsa. Akwai waɗanda suka mayar da abin gasa. A Disambar 2022 wasu ƙwararru suka kai irin wannan furosesa namu megahaz 9008, karo na farko da aka ƙetare gigahaz 9, a kan yayar bod ɗinmu mai suna Apex. Sun yi haka ne suna tuttula masa ruwan heliyam, wanda sanyinsa ya wuce na ruwan naiturojin, shi kuwa naiturojin yana digiri 196 ƙasa da sifili. Mun kalli bidiyon sau ba adadi, fankar sama na juya mana iska mai ɗumi.

Abin da ake biya wa kuɗi a bod mai tsada yawancinsa yana ɓoye ne a ƙarƙashin ƙarafan da suka kewaye mazaunin furosesa. Tukunyar wutar kwamfuta tana aiko da bolt 12, alhali furosesa ba ya buƙatar fiye da bolt ɗaya da 'yan kai. Aikin sauke wannan wuta da tace ta na wasu ƙananan na'urori ne da ake kira VRM, waɗanda ke jere kamar masu ɗebo ruwa suna miƙa wa juna guga. In sun yi kaɗan, kowanne zai sha wahala ya yi zafi. In sun yi yawa, nauyin sai ya rarrabu. Hero tana da 20 na furosesa, da ɗaya na sashen hoto, kowanne an rubuta zai ɗauki amfiya 90. A takarda amfiya 1800 ke nan. Furosesan da ke cin wat 253, iyakar da Intel ta sa masa, bai wuce neman amfiya 200 ko kusa da haka ba. Wato an gina gada ta tirela, ana bi da amalanke.

Farkon abin da gwajinmu ya nuna bai yi wa masu son bod ɗin daɗi ba. Muna da wata bod mai arha a ɗakin, mai mazauni iri ɗaya. Muka riƙa sauya furosesa da katin hoto tsakaninsu, muna buga ƙwallo da wasan harbi da na tsere. Idonmu bai ga bambanci ba, kuma lambar da ke ƙirga hotuna a daƙiƙa ba ta motsa yadda za a yi magana ba. Masu gwaji na ƙasashen waje ma abin da suka daɗe suna samu ke nan: katin hoto da furosesa su ne ke yin gudun, bod hanya ce kawai. Ƙaraminmu ya ce, “To, yaya, fitilu za mu saya ke nan?” Yana nufin hasken ado da ke walƙiya a gefen bod ɗin. Babu wanda ya ba shi amsa a daren.

Amsar ta zo ne da rana tsaka. Waɗanda ke gwada kayan nan a Amurka da Jamus da Taiwan suna yi ne a ɗaki mai sanyin digiri 20 da 'yan kai. Mu a watan Afrilu zafin waje yakan haura 40, kuma ba kullum ake samun wutar da za ta ja na'urar sanyaya ɗaki ba. Duk wata fanka ko ruwan sanyaya furosesa da iskar ɗaki yake aiki, saboda haka digiri 15 ko 20 da ɗakinmu ya fi nasu, kai tsaye ake ɗora shi a kan kowace lamba da suka wallafa. Furosesan nan in ya kai digiri 100 yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, VRM ma in suka gasu haka suke tilasta masa. Da muka ba kwamfutar aikin haɗa bidiyon biki na awanni, ƙarafan bod mai arha sun yi zafin da ba a iya barin yatsa a kansu, gudu ya riƙa hawa da sauka. Na Hero kuwa ɗumi kawai suka yi. Rarar ƙarfin nan da aka tanada don masu ruwan naiturojin, a wurinmu ta zama garkuwar bazara. Da hunturu kuma, lokacin da ƙura ke toshe kowace kafa ta akwatin kwamfuta kafin mako ya zagayo, rarar ce ke ba mu lokaci kafin mu samu sukunin hure ta.

Sai dai ƙarfi irin wannan yana da nasa haɗari, kuma duniya ta gani a 2024. Masu furosesa na ƙarni na 13 da na 14 na Intel suka fara kukan cewa wasanni suna rufewa haka kawai, musamman waɗanda aka gina da Unreal Engine. Da aka bincika sai aka ga manyan bod da yawa, na kamfanoni daban-daban, suna fitowa daga kwali da iyakar wuta a buɗe, an sa ta fiye da wat 4000 maimakon 253, don su yi fice a teburin gwaji. Wato an ƙure wa mutum gudu ba tare da ya nema ba. Da farko Intel ta nuna yatsa ga waɗannan saituna, ta fitar da nata da ta ce a bi. A watan Yuli ta tabbatar cewa akwai matsala a umarnin da ke cikin furosesan kansa, wadda ke sa shi neman wuta fiye da kima. Gyara ya fito a Agusta mai lamba 0x129, wani ya biyo a Satumba mai lamba 0x12B, aka kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Amma furosesan da ya riga ya lalace ba ya warkewa. Ɓangaren AMD ma sun ɗanɗana a Afrilun 2023, lokacin da wasu Ryzen 7000 suka ƙone a mazauninsu, har aka taƙaita wutar wani sashe nasu a bolt 1.3.

Ga wanda ke zaune kusa da shagon da ya saya, wannan ɓacin rai ne na mako biyu, a sauya masa sabo. Mu garantin da ke kan takarda ba kasafai yake ƙetaro teku ba, balle kayan hannu da ba su da rasit. In furosesa ya mutu a ɗakinmu, adashin shekara ne ya mutu. Shi ya sa tambayar da muka fi yi wa Hero ita ce: in mun yi nisa, za ta dawo da mu gida? Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai.

A nan ta ci jarrabawa. A bayanta akwai maɓallai biyu da muka fi daraja fiye da duk fitilunta. Ɗaya yana goge saitin BIOS ya mayar da komai yadda yake, ba sai an kwance akwati ana laluben ƙaramin batir ba. Ɗayan yana sake zuba BIOS daga filash ko da babu furosesa a kai. Duk wanda ya taɓa zama yana kallon layin sabunta BIOS yana tafiya a hankali, yana addu'ar kada a ɗauke wuta kafin ya kai ƙarshe, ya san abin da wannan maɓalli ke nufi. Akwai kuma ɗan allo mai lamba biyu a kusurwa, wanda ke faɗin inda kwamfuta ta tsaya in ta ƙi tashi. In ya nuna 55, RAM ce ba ta zauna ba. Bod mai arha sai dai ta yi maka shiru, ka yi ta cire kaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura.

Tana da nata rauni. Ramukan RAM huɗu gare ta, alhali masu neman ƙure saurin DDR5 sun fi son biyu kamar na Apex, don gajartar hanyar da saƙo ke bi. Ko XMP da kowa ke kunnawa ba tare da tunani ba ƙure gudu ne, domin abin da Intel ta amince da shi ga wannan furosesa 5600 ne. Mazauninta mai allurai 1700 hanya ce da ta zo ƙarshe: ya ɗauki ƙarni na 12 da 13 da 14, sannan a Oktoban 2024 Intel ta koma wani sabon mazauni da ba ya shiga da wannan. AMD kuwa ta yi alkawarin riƙe nata AM5 har 2027 ko bayan haka. Alluran nan kuma siraran gaske ne, guda ɗaya in ya lanƙwashe zai iya kashe ramin RAM, don haka mun daɗe da fitilar waya muna duba su layi-layi kafin mu yi maganar kuɗi. Bayan duk wannan akwai rabo. Furosesa biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, wani zai hau da wuta kaɗan, wani ya ƙi. Babu bod ɗin da ke sauya wannan.

Mun saye ta. Abin da muka fara yi shi ne sabunta BIOS, kwamfutar na jone da UPS, muka mayar da iyakar wuta 253. Daga nan muka shiga saitunan nan masu ɗaruruwan layuka da aka tanada don ƙara wuta, muka yi amfani da su wajen rage ta. Zafin da furosesa ke fitarwa yana hawa ne da ninkin ƙarfin wuta a kan kansa, don haka ɗan ragi kaɗan yana sauke zafi da yawa. Muka riƙa ragewa taki-taki, muna gwadawa na awanni, in ta tsaya mu danna maɓallin baya mu koma matakin da ya gabata. A ƙarshe furosesan ya riƙe saurinsa tsawon yini ba ya sauka, wanda a ɗakinmu ya fi kowace lamba da za mu ɗauka hoto mu nuna. Mun san akwai abin dariya a ciki, a sayi dokin sukuwa a koya masa takama. Har yanzu wani dare na tsakiyar hunturu, in sanyi ya sauko sosai, mukan buɗe taga mu ɗaga lambar mu ga inda za ta kai, kafin asuba mu mayar da ita.

Bayan wata ɗaya wani ɗalibi ya shigo da kuɗin da ya tara, ya ga hasken Hero ta gilashin akwati, ya ce irinta yake so. Babbanmu ya tambaye shi me zai yi da kwamfutar, ya ce ƙwallo da wasan harbi. “Ƙanena,” in ji shi, “sayi B760 mai ƙarafa masu kauri, ka zuba sauran kuɗin a katin hoto, abin da ya rage ka sayi UPS da fanka biyu.” Yaron bai ji daɗi ba, ya ce mu ai mun saya. Muka ce masa mu biyar ne, kuma tamu tana aiki daga safe har dare tana biyan kuɗin haya. Ya tsaya ya ƙara kallon fitilun, sannan ya zauna muka fara rubuta masa lissafi.