Daga Gashin Tunkiya Zuwa Zaren Ulu

'Yan uwa, mu ne muke kawo raguna kasuwannin kudu, amma ulun da matanmu ke saƙa wa jarirai hula da shi sai mun saya a shago, yawancinsa ma na roba ne. Dalili kuwa, tumakinmu, 'Yankasa da Uda da Balami, gashinsu gajere ne mai kauri, ba ya kaɗuwa.

Ulu na gaske daga tumaki irin Merino na Ostiraliya yake fitowa. Sau ɗaya a shekara ake musu aski. A ware gashin, a wanke da ruwan zafi da sabulu maiƙonsa ya fita, maiƙon nan kuma a sa shi cikin man shafawa. In ya bushe a taje shi har silin ya kwanta, sannan a ja ana murɗawa. Murɗin nan shi ne ƙarfin zare. A yankin Masina na ƙasar Mali ma akwai tumaki masu ulu, Fulani na yin barguna da shi.

Wannan aiki ba baƙonmu ba ne. Haka kakanninmu mata suke yi da auduga: a gurje gurya, a shiɓe da baka, a shafa alli a yatsu, a murza mazari. Da kuɗin zare ake tara kayan ɗakin 'ya.

Yau 'ya'yanmu da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan ba su san mazari ba. Tsofaffin da suka iya kaɗi suna nan cikinmu, amma kullum raguwa suke yi. Mu kai musu 'yan matanmu su koya tun suna da rai. Allah Ya ƙara musu lafiya.