Yadda Tsohon Yashi Ya Kashe Mana Kifi Biyu a Agege

Da yawa daga cikin waɗanda suka zo mana barka da Sallah sun ga tankin kifin da ke falonmu, wasu har sun tambayi yadda za su haɗa irinsa. A ranar ba mu samu sukunin ba da cikakkiyar amsa ba saboda hidimar baƙi. To ga amsar yau, kuma za mu fara da kuskuren da muka tafka, domin shi ne ya fi kowane malami koya mana.

Mu dai ba masu kiwon kifi ba ne tun asali. Ƙaninmu direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa wani baƙo ɗan ƙasar waje da ke zaune a Ikoyi. Da aikin mutumin ya ƙare zai koma gida, sai ya raba kayan ɗakinsa. Kifayen da ke tankinsa ya ba wani abokinsa, tankin kuma da famfonsa da fitilarsa da duwatsunsa da yashinsa ya ce ƙaninmu ya kwashe. Tanki ne na gilashi mai cin lita 200, na kifin ruwan gishiri, wato kifin teku masu launi. Ya yi shekara huɗu yana aiki a gidan ba a taɓa kwashe yashinsa ba.

Aka juye ruwan, aka kwashe yashin da ɗanyensa aka zuba a bokiti uku aka rufe, aka loda a bayan mota. Wanda ya san hanyar Ikoyi zuwa Agege ya san ba a yin ta da gaggawa. Da kayan suka iso kuma sai muka ga ba mu da teburin da zai ɗauki nauyin, domin ruwan kaɗai ya haura kilo 200, ban da gilashi da dutse da yashi. Sai da muka je wajen mai walda ya haɗa mana na ƙarfe. Kwana biyar bokitan nan suna ajiye a lungu, a rufe, cikin zafin Legas.

A cikin kwanakin ne muka je wajen wani mai sayar da kifin ado don sayen gishiri. Gishirin tankin teku ba irin na miya ba ne, haɗi ne na musamman mai ɗauke da sinadaran da ke cikin ruwan teku, kuma duk lita ɗaya tana cin kimanin giram 35. Ke nan tankinmu zai lashe kusan kilo 7 a cikawar farko. Da muka ji kuɗin gishirin sai jikinmu ya yi sanyi. Mai shagon ya tambaye mu yashi, muka ce muna da shi. Ya ce sabo ko tsoho? Muka ce tsoho ne, na tankin da ya yi shekara huɗu lafiya lau. Ya ce ko dai mu wanke shi sosai ko mu sayi sabo. Da muka fito muka dubi juna muka ce ɗan kasuwa ne, so yake ya ƙara ciniki. Har muna cewa ai da tsohuwar zuma ake magani.

Ba wai babu gaskiya a tunaninmu ba ne sam. Mun ji cewa yashin tankin da ya daɗe yana da rai, wato akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani a jikinsa da ke tsabtace ruwa. Haka ne kuwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda guba ce ga kifi. Wasu ƙwayoyin suna mayar da amoniya zuwa naitirayit, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirayit zuwa naitiret, wadda kifi ke iya jurewa idan ba ta yi yawa ba. Sabon tanki yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin waɗannan ƙwayoyin su yawaita. Mu kuwa muka ɗauka tsohon yashin zai tsallake mana wannan jiran. Abin da ba mu sani ba shi ne ƙwayoyin nan suna bukatar iska da ruwa mai motsi. Kwana biyar a rufaffen bokiti ya kashe yawancinsu, tare da ƙananan tsutsotsi da sauran halittun da ke zaune a cikin yashin. Abin da muke kira yashi mai rai ya riga ya zama maƙabarta.

Da muka buɗe bokitin farko wari ya buge mu, warin baragurbi sak. Ƙasan yashin ya yi baƙi. Uwargida ta toshe hanci ta ce, "Maigida, wannan abin anya?" Muka ce warin teku ne, zai wuce. Daga baya muka gane iskar da ke fitowa ce idan datti ya ruɓe a inda babu iskar shaƙa, kuma ita kanta tana kashe kifi. Muka juye yashin gaba ɗaya, muka jera duwatsu, muka zuba ruwan gishiri. Ruwan ya yi duhu kamar kunun kanwa. Bayan kwana biyu ya kwanta ya yi garau, muka ce ai shi ke nan. A nan ma mun yi kuskure, domin amoniya ba ta da launi. Ruwa yana iya yin haske kamar madubi alhali guba ce zalla.

Autanmu ɗan shekara bakwai ne, kuma tun ranar da aka shigo da tankin ba shi da magana sai ta Nemo, kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari na fim ɗin yara da ya fito a 2003. Asalin irinsa daga tekun Indiya da Fasifik yake, ba a kama shi a gaɓar Legas, shi ya sa yake da tsada. Kuɗin da muka yi wata uku muna tarawa muka ɗauka muka sayo guda biyu. Yaron ya raɗa musu suna, ya ƙi cin abincin dare sai a gaban gilashin.

Kwana na biyu kifayen suka daina cin abinci. Kwana na uku muka same su a saman ruwa suna haki, baki na buɗewa da rufewa da sauri. Amoniya tana ƙona wurin da kifi ke numfashi da shi, sai ya zama yana cikin ruwa amma iska ba ta isarsa. Da asuba muka tarar da ɗaya a kwance a kan yashi. Kafin azahar na biyun ya bi shi. Yaron ya dawo daga makaranta ya tsaya a gaban tankin ya daɗe, sannan ya juyo ya ce, "Baba, ni na ba su abinci da yawa ko?" Wannan tambayar ta fi asarar kuɗin yi mana ciwo. Muka zaunar da shi muka gaya masa gaskiya: ba laifinsa ba ne, namu ne. An ba mu shawara muka ƙi ji, muka ɗauki rai muka saka a wurin da ba mu tabbatar da lafiyarsa ba.

Washegari muka ɗebi ruwan a kwalba muka koma wajen mai shagon, kunya kamar ƙasa ta tsage. Bai ce mana ai na gaya muku ba. Ya ɗiga maganin gwaji a ruwan, maimakon ya tsaya rawaya sai ya koma kore shar. Ya ce ga amoniyarku nan. Sannan ya zauna ya yi mana bayanin da ya kamata mu nema tun farko.

Yashin tankin teku yawanci ba irin na gini ba ne. Fari ne, daga ɓurɓushin murjani da ɓawon halittun ruwa yake, kuma idan aka ɗiga masa ruwan khal sai ya yi kumfa. Irin wannan yashin yana riƙe abubuwa. Shekara huɗu na kashin kifi da ragowar abinci suna kwance a tsakanin ƙwayoyinsa. Muddin ba a taɓa shi ba, dattin yana binne a ƙasa. Ranar da aka kwashe aka juya, duk abin da ya binne sai ya fito lokaci guda. Ban da datti, yana shan sinadarin fosfet ya ajiye, daga baya ya riƙa sakinsa a hankali, gansakuka ta mamaye gilashi da duwatsu a rasa dalili. Mafi muni, idan an taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a tsohon tankin, yashin yana shanye shi, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Kifi na iya rayuwa, amma jatan lande da katantanwa da murjani ba za su yi kwana ba. Irin wannan yashin zubar da shi kawai ake yi.

Muka tambaye shi ko za mu iya zuwa bakin teku mu ɗebo yashi kyauta, tunda ga shi nan Allah ya hore a Legas. Ya ce kada mu soma. Yashin gaɓar nan ba irin wancan farin ba ne, kuma ba wanda ya san abin da ya sha na mai da ruwan kwata.

Muka dawo muka fara daga tushe. Da farko muka sa ƙaninmu ya kira yaron da ke kula da tankin a gidan Ikoyi, ya tabbatar mana ba a taɓa zuba magani a cikinsa ba, kifin da ya yi ciwo a wani ƙaramin tanki daban ake jinyarsa. Da muka ji haka muka yanke shawarar yashin zai iya komawa, amma a matsayin matacce, ba mai rai ba. Muka kwashe shi muka riƙa wankewa kaɗan-kaɗan, kwano biyu a bokiti, a sa tiyo a ƙasa, a cuɗa da hannu, a tsiyaye. Ruwan farko baƙi ƙirin ya fito. Wani kason sai da aka yi masa wanki fiye da goma kafin ruwan ya fito fari. Yini guda cur muka yi, har da yaran. Sannan muka baza shi a kan tabarmar leda a rana na kwana huɗu har ya bushe ƙarau, warin ya tafi. Duwatsun ma muka goge su da buroshi. Bayan haka muka jiƙa kwano ɗaya na yashin a sabon ruwan gishiri na kwana uku, muka kai aka gwada fosfet, ya fito kaɗan. Da ya fito da yawa da mun haƙura da shi.

Wannan karon ba mu zuba shi duka ba. Kaurin santimita 3 zuwa 4 kawai muka shimfiɗa, domin yashi mai zurfi shi ke samar da wurin da iska ba ta kaiwa. Ruwan haɗin kuma tatacce muka saya, ba na rijiyar burtsatse ba. Daga nan mai shagon ya ɗebo mana kofi ɗaya na yashi daga saman tankinsa mai lafiya, a cikin ruwansa, muka kawo shi gida a ranar muka barbaɗa a kan namu. Uwargida ce ta fara gane hikimar. Ta ce ai kamar kindirmo ne: cokali ɗaya na jiya ake zubawa a sabuwar madara ta kama, ba a juye ƙwaryar da ta yi mako a rana. Da a ce ranar da aka kwashe tankin a Ikoyi mun san haka, da kofi biyu na saman yashin kawai za mu ɗauka da rai, mu ajiye duwatsun a cikin ruwan tankin da famfon iska, tunda yawancin ƙwayoyin masu amfani a jikin dutse suke, sauran yashin kuma a wanke.

Sai jira. Muka jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe don ƙwayoyin su samu abin ci, muka sayi kayan gwaji namu, muna gwadawa duk bayan kwana biyu muna rubutawa a littafi. Autan ne mai riƙe littafin. Amoniya ta hau sannan ta sauka. Naitirayit ta hau ta daɗe har muka fara gajiya, sannan ita ma ta sauka. A mako na uku yashin ya yi ƙasa-ƙasa kamar an barbaɗa masa ƙura, hankalinmu ya tashi, aka ce mana haka sabon tanki ke yi, zai wuce, ya kuwa wuce. Baƙi suna zuwa suna ganin tanki da fitila da famfo babu kifi ko ɗaya, suna yi mana dariya. Sai a mako na shida gwaji ya nuna amoniya sifili, naitirayit sifili, kwana uku a jere. Muka canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, sannan muka kawo kifi biyu. Wasu ba su shiga ba sai bayan wata guda.

Su ne kuka gani ranar Sallah. Sun haura shekara yanzu. Muna riƙe zafin ruwan tsakanin digiri 25 zuwa 27, idan ruwa ya ragu saboda tururi muna cikawa da mara gishiri domin gishiri ba ya tashi da tururi, kuma muna da ƙaramin famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta.

Ga wanda aka ba tsohon tanki ko ya saya a hannu, abin da za mu ce shi ne ya tambayi tarihin yashin kafin ya tambayi kuɗin kifi. Shekara nawa ya yi? An taɓa zuba magani? Kwana nawa ya yi a bokiti? Idan ba a samu amsa ba, ko ya ji warin baragurbi kuma ba shi da ƙarfin wankin yini guda, ya sayi sabo. Kuɗin buhun yashin da muka ƙi biya bai kai na kifi biyun da muka binne a bayan gida ba. Duk mai son ganin yadda ake gwajin ruwan ya zo gida bayan la'asar ranar Asabar, autan zai nuna masa da littafinsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu, amin.