Jaridar Da Ta Raba Akushin Gidanmu

Ni mutumin Mandera ne, can wajen Bodinga da Shagari a ƙasar Sakkwato. Mahaifina ya koyi karatu a ajin Yaƙi da Jahilci, kamar yadda kai ma ka koya, ya mai karatu. Shi da ƙanensa, watau baffana, rana ɗaya suka karɓi takardar shaida. Amma karatun nan da ya haɗa su, shi ne kuma ya raba su.

Ga yadda aka yi. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. Kukansu shi ne talakawa suna shan wuya a hannun sarakuna da En'e. Mahaifina kuwa yana bayan NPC ta Sardauna Ahmadu Bello, abin karatunsa Gaskiya Ta Fi Kwabo. Baffa ya tafi cin rani, ya komo da wata jarida ta masu neman sauyi. Kullum da la'asar sai ya zauna gindin tsamiya yana karanta wa samari. A bakin jaridar nan, duk mai rawani ɓarawo ne.

Ran nan, gab da zaɓen 1959, baffa ya kira mai garinmu azzalumi a gaban jama'a. Alhali dattijon nan shi ne ya buɗe wa mutane rumbunsa a shekarar da damina ta ƙi. Mahaifina ya tashi bai ce uffan ba. Tun daga ran nan, shekara 7 ba su sa hannu a akushi ɗaya ba.

To, ban ce ba a yi zalunci a zamanin ba. Lalle an yi. An ɗaure 'yan NEPU da yawa a kotunan alƙalai saboda ra'ayinsu. Kuma sa'ad da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna bayan zaɓen 1979, talaka ya sami sauƙi. Laifin da nake gani ga masu neman sauyi da jaridunsu guda ne: sun koya wa yaro ganin laifin babba, ba su koya masa ladabin faɗa ba, ba su kuwa rarrabe nagari da mugu ba.

Dubi abin da ya auku a Kano a 1981. Gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ran 10 ga Yuli gari ya yamutse, aka sa wa gidan rediyo wuta, aka kashe Dokta Bala Muhammad. Waɗanda suka yi wannan ɓarna ba su da uzuri ko kaɗan. Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Sai da mahaifina ya kwanta ciwo baffa ya shigo ɗakinsa. Ina tsaye bakin ƙofa na ji ya ce, "Yaya, har gobe ina kan ra'ayina, amma bakina ya yi kuskure." Mahaifina ya tura masa ƙwaryar fura.

Saboda haka, kai da Allah ya buɗe wa ido, karanta kowace jarida, ka saurari kowane gidan rediyo. Amma in an zagi mutumin da ka sani, auna maganar da abin da idonka ya gani tukuna. Allah ya sa mu dace, amin.