Daga Briqueterie Zuwa Faris: Nawa Ne Kuɗin Hanya?

Duk wanda ya taso daga Briqueterie da yamma, ya bar hayaƙin masu tsire da shagunan teloli ya nufi Cité Verte, zai tarar da benayen ma'aikata a jere. A waɗannan unguwanni biyu na Yawunde, iyayen da ɗansu ya gama karatun shari'a a Soa tambayarsu ɗaya ce: nawa za a kashe ya je waje ya ƙaro digiri na biyu?

Ga lissafin. Gyaran jami'o'i na 1993 ya ɗora wa ɗalibin Kamaru sefa 50,000 a shekara. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin zama Faransa ya ninka dare ɗaya. A 2019 kuma Faransa ta yanka wa baƙin ɗalibai yuro 3,770 a shekara, wajen sefa miliyan biyu da rabi, kodayake jami'o'i da dama sun yi rangwame. Masu ba da biza suka nemi shaidar yuro 615 kowane wata, sama da sefa 400,000. Adashin uwa kaɗai ba zai ɗauki wannan ba.

To jama'a, kafin a sayar da gida a duba kusa. Sakatariyar OHADA, mai tsara dokokin kasuwanci na ƙasashe 17, nan Yawunde take. Mai jin Turanci kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda harshenmu ne na kasuwa. Allah ya ba yaranmu sa'a, amin.